Tsohon Tangaran Mai Siffa ko Langar Gwaggo: Wanne Ya Cancanci Kuɗin Adashi?

Bayan babbar salla ƙanwata ta kwashi adashi, ta iso gidana a Birnin Kebbi da magana biyu a bakinta. Wani mai gwanjo da ke kawo kaya daga Kwatano ya buɗe mata kwali ta ga tsofaffin tangaran masu siffa: kwanon miya mai kamar kabeji, butar shayi mai kamar ɗan gida da rufin ciyawa, da wata kaza kwance kan kwando wadda bayanta ne murfi. A satin kuma 'ya'yan gwaggonmu da ta rasu a Jega suka aiko cewa za su sayar da jeren langarta, kwalla da kumbo da fanteka, don ba mai wurin ajiye su, in ba a samu mai saye a dangi ba za su kira dillaliya. Kuɗin adashin ba zai ɗauki duka biyun ba.

"Yaya, ke kika san kan kayan nan. Wanne zan ɗauka?"

Na daɗe ina tara iri biyun, kuma na san mata da yawa daga Argungu har Yawuri da ke cikin irin wannan tsaka mai wuya, musamman lokacin rabon gado, sa'ad da ake yi wa kayan ɗaki kuɗi cikin gaggawa. Abin da na faɗa mata shi na faɗaɗa a nan.

Mu fara da jikin kayan, don a nan ake soma cutar mai saye. Mu duk abin da yake fari mai sheƙi, wanda in ya faɗi zai fashe, tangaran muke ce masa, alhali ba iri ɗaya ba ne. Akwai na yumɓun da aka gasa a wuta mai zafin digiri 1,000 zuwa 1,150. Shi ne mai kauri, marar nauyi sosai, in ya ɓantare za ki ga cikinsa kamar alli, kuma yana shan ruwa ta duk inda ba a shafa masa ruwan gilas ba. Akwai wanda aka gasa a digiri 1,200 zuwa 1,300, mai nauyi kamar dutse, ba ya shan ruwa. Sai na farin yumɓu zalla, siriri, wanda in kika haska fitilar waya ta bayansa haske zai ratso. A cikin wannan dangin akwai na Ingila da ake haɗawa da tokar ƙashin shanu, za ki ga an rubuta "Bone China" a gindinsa. Farantan Arcopal da Pyrex da suka cika ɗakunan iyayenmu kuwa gilas ne, ba su haɗa hanya da yumɓu ba.

Yawancin masu siffar kaza da kabeji da gida daga iri na farko suke, mafi rauni. Ruwan yumɓu ake zubawa a mazubi, a bari ya kama gefe, a tsiyaye saura, shi ya sa ake iya fitar da dubbai masu kama ɗaya. Ki riƙe wannan a ranki, don zai dawo idan muka zo maganar daraja. Gwajinsa mai sauƙi ne: ki kife kwanon, ki ɗiga ruwa a zoben gindin da ba shi da sheƙi. In ya tsotse ruwan, mai rauni ne.

Langa kuwa ƙarfe ce da aka yi wa rufi da garin gilas, aka narka shi a kanta a wuta mai zafin wajen digiri 800. Mayen ƙarfe yana kama ta. Ba ta fashewa, sai dai ta ɓantare, inda ya ɓantare kuma tsatsa ta shiga.

Gindin kwano shi ne takardar haihuwarsa

Inda tangaran ya fi langa nesa ba kusa ba shi ne yana faɗin shekarunsa da kansa, in kin iya karanta hatimin da ke gindinsa. Dalilin wata dokar kwastan ce ta Amurka da ta fara aiki a 1891, wadda ta tilasta a rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya kafin a shigar da shi. Daga nan masana'antun garin Stoke-on-Trent, cibiyar tangaran ta Ingila, suka shiga buga "England", daga baya cikin ƙarni na 20 suka koma "Made in England". Japanawa sun riƙa rubuta "Nippon" har 1921, lokacin da Amurka ta ce sai dai su rubuta "Japan". Bayan yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1947 da 1952, kayansu na fita waje suna ɗauke da "Made in Occupied Japan", wato Japan da ke ƙarƙashin mamaya, kuma akwai masu tara wannan kaɗai. "West Germany" yana nufin tsakanin 1949 da 1990, kafin haɗewar Jamus. "Czechoslovakia" ƙasa ce da ta rayu daga 1918 zuwa ƙarshen 1992, don haka duk abin da ke ɗauke da sunanta ya haura shekara talatin ko da bai nuna ba.

Akwai kuma rubutun da ke tona asirin sabo. In kika ga an ce ana iya sa kwanon a na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, to bai riga shekarun 1970 ba, komai rantsuwar mai sayarwa. In akwai adireshin intanet ko layukan nan baƙaƙe na kanti da ake haskawa, na jiya-jiya ne.

Sunayen masana'antu kaɗan ne ya kamata ki haddace. Beswick ta Ingila ta fara a 1894, an rufe ta a 2002. SylvaC, wadda ta yi suna da ƙananan tukwane masu siffar albasa da tuffa da fuskar mutum a jikinsu, ta rufe a 1982, kuma kayanta kan zo da lambar zubi da aka danna a gindi. Carlton Ware ta shahara da farantai masu kamar ganyen latas. Butocin shayi masu siffar gida da yawansu na Price ne, wadda daga baya ta zama Price Kensington. Kabejin nan kore mai jijiyoyi a ganye kuwa gidansa garin Caldas da Rainha na ƙasar Fotugal, inda mai zane Rafael Bordallo Pinheiro ya kafa masana'anta a 1884, kuma hatiminsu na ɗauke da hoton kwaɗo. A nan akwai tarko: masana'antar tana nan tana aiki har yau, tana fitar da kabeji iri ɗaya da na da. Ganin kwaɗo ya tabbatar miki da gidan da ya fito, bai tabbatar miki da tsufa ba.

Langa ba ta samu wannan gatan ba. Wasu na da tambari a gindi, za ki ga Czechoslovakia ko Hong Kong ko Najeriya, amma da yawa takarda aka manna musu, wanki ɗaya ya tafi da ita. Na farko-farko daga Turai suka riƙa zuwa, sannan na Hong Kong suka cika kasuwa, daga wajejen 1960 kuma aka kafa masana'antun langa a Legas da Kano, da yawansu da hannun 'yan kasuwar Hong Kong ɗin. Tsofaffin na Turai sun fi kauri da nauyi, ki ɗaga murfin da hannu ɗaya za ki ji bambanci da na baya-bayan nan masu kamar gwangwani.

Amma langa tana da wata takardar haihuwa da tangaran ɗin gwanjo ba zai taɓa samu ba, ita ce bakin tsofaffin gida. Kowace kwalla da bikin da ta shigo. Ki zauna da Inna ko wata kishiyar marigayiyar ki tambaye ta, ba za ta ba ki shekara da lamba ba, za ta ce an kai ta ɗaki shekarar da aka kashe Sardauna, wato 1966, ko shekarar da motoci suka koma hannun dama, 1972, ko lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira, 1973. Na gwaggonmu, babbar 'yarta ta ce an ƙaro saiti na biyu a haihuwar autan gwaggon, daf da a cire Kebbi daga Sakkwato a 1991. Da wannan kaɗai na iya raba jeren gida biyu, kuma da na ɗaga su nauyinsu ya gaskata ta. Abin da ke damuna shi ne wannan shaida tana tafiya da masu ita. Hatimin Ingila zai jira ki shekara hamsin, tsohuwar da ta san ranar jeren ba za ta jira ba.

Lafiyar kaya

A tangaran, aibi ɗaya kan zubar da daraja warwas. Masu saye na waje ba sa yafe ɓantarewa, ko da kamar ƙwayar gero ce, balle tsaga. Ga yadda nake dubawa a gaban mai gwanjo, ba na jin kunyar ɓata masa lokaci. Ina ɗora kwanon a tafin hannu in ƙwanƙwasa bakinsa da farce ko cokali. Lafiyayye zai yi ƙara mai ja, mai tsaga zai yi wani dum a taƙaice. Sannan in bi baki da hannun riƙo da bakin buta da yatsa, ido a rufe, don yatsa na jin abin da ido ya tsallake. Inda aka liƙa da gam yakan yi rawaya ko ya fi sauran wuri laushi, in kika goga allura a hankali za ki ji ba santsin gilas ba ne. A kaza, tsoron kai da baki da wutsiya ne ke fara karyewa. A gida, bututun hayaƙin da ke kan rufi, don shi ne mariƙin murfi.

Murfi shi ne rabin rai. Kwalin gwanjo ya sha hanya daga Turai zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano, daga can a mota ta Malanbil da Gaya har Kamba, kuma a hanya ake rabuwa da murafe, mai kaya ya ɗauko na wani ya kifa. Ki juya murfin a kan bakin ki ji ko ya zauna daram, ki kwatanta launin a hasken rana, ba a inuwar rumfa ba.

Sai tsattsagewar sheƙi, wadda ke fitowa kamar faso a dunduniya, layuka sirara ko'ina. Masu sayarwa na son nuna ta a matsayin shaidar tsufa. Ba shaida ba ce, sabon kwano ma yana yin ta in an zuba masa tafasasshen ruwa yana sanyi, kuma masu jabu na yin ta da gangan su shafa ruwan shayi ta yi duhu. Aibi ce, sai dai ƙarama, ana iya haƙuri da ita in kwanon na ado ne kawai. Wani abu kuma, wasu kayan Japan da Amurka an yi musu fentin ne bayan gashi, a kan sheƙin, shi ya sa jan tsoron kaza ke gogewa. Irin wannan ba a sa masa soso da toka. Na taɓa ganin wadda ta wanke wa kazarta ido da baki tas cikin minti biyu, tana ganin gyara take yi.

Langa ta fi sauƙin kai. Ɓantarewa kaɗan a baki ko a gindi kowa ya san shekaru ne, ba mai rage miki kuɗi sosai a kanta. Abin da ke kashe ta huda ce. Ki ɗaga ta sama ki kalli rana ta cikinta, ko ki zuba ruwa ki ajiye kan busasshiyar ƙasa. Wadda aka taɓa kai wa mai nanar kwano ya toshe, ta zama ta zuba tsaba. Darajar langa kuma a saiti take. Kumbo ɗaya tilo ba wani abu ba ne, amma jere cikakke daga babba zuwa ƙarami, fure ɗaya, kowane da murfinsa, samunsa yau sai an tona, don an rarraba su wajen gado da kai abincin suna da ba a dawo da kwano ba.

Maganar jabu ta tangaran ce kusan ita kaɗai. Kayan McCoy, masana'antar jihar Ohayo ta Amurka da ta rufe a 1990, suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, har da hatimin. Akwai wata alama da mai jabu ba ya iya ɓoyewa: in aka ɗauki zubi daga jikin na asali, kwafin zai fito ƙarami, don yumɓu na tsukewa wajen bushewa da gashi, kuma zanen gashin kaza ko jijiyar ganye zai dushe kamar an shafe shi. Ki auna tsawo da tef ɗin tela ki kwatanta da awon na asali a intanet. Langa kuwa ba wanda ya ɓata lokacinsa yana yi mata jabu, iyaka a haɗa miki sabuwa marar nauyi cikin tsofaffi.

Wa zai saya in kin tashi sayarwa?

A nan ne nake son a buɗe kunne, don nan ne mafarki ke shiga. Labarin da ya haukata masu tara irin waɗannan kaya ya faru ne a 1988, lokacin da gidan gwanjon Sotheby's a Niyok ya sayar da kayan mai zane Andy Warhol bayan rasuwarsa. Tukwanen ajiye biskit masu siffofi da ya tsinto a kasuwannin tsofaffin kaya da 'yan daloli kaɗan, sun tashi a kusan dala 250,000 gaba ɗaya. Sunan mai su aka saya, ba yumɓun ba. Bayan haka farashi ya hau na wasu shekaru, sai eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet, ya zo, kowa ya buɗe kabad ɗin kakarsa ya saka a kasuwa, aka gane abin da ake ɗauka ba shi da yawa ashe dubbai ne. Ki tuna da mazubin nan. Yau mafi yawan butocin gida da kajin kwando kuɗinsu a Ingila bai taka kara ya karya ba, 'yan ƙalilan ne masu wuyar samu ke tsada.

Don haka in kika ɗauki hoton kwano kika nema da Google Lens, manhajar da ke nemo abu ta hotonsa, kika ga wani ya sa masa fam ɗari, kada zuciyarki ta buga. Wannan kuɗin da ya yi wa kayansa ne, ba a ce an taya ba. A eBay akwai inda ake zaɓar a ga waɗanda aka riga aka sayar da nawa aka sayar, can ne gaskiyar take. Daga abin da kika gani kuma sai ki cire kuɗin aika kaya mai fashewa daga Birnin Kebbi zuwa Turai, wanda sau da yawa ya fi kuɗin kwanon, ki cire kason dandalin, ki ƙara wahalar karɓo kuɗin a nan. In kin gama lissafi za ki ga kasuwarki ta gaskiya ita ce Abuja da Legas da Kano, wurin masu ƙawata gidajen abinci da masu ɗaukar hoton girki a Instagram da 'yan mata masu son abin da ba kowa ke da shi ba. Kasuwa ce ƙarama, amma tana nan, kuma su kyau suke saye, ba ruwansu da hatimi sosai.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba za su faɗa miki ba. A gidajenmu malamai da yawa na ƙyamar ajiye siffar abu mai rai da aka sassaƙa ko aka zuba, kuma mazaje da yawa ba za su yarda a jera kaza ko tukunya mai fuskar mutum a falo ba. Kowa da malamin da yake bi, ba fatawa na zo bayarwa ba, amma ta fuskar ciniki abin a fili yake: kaza da agwagwa da albasa mai ido masu sayensu a Kebbi kaɗan ne. Kabeji, abarba, masara, kwando, gida, waɗannan ba mai tsayar da ke a kansu. Ni kaina su na fi tarawa.

Langa ita kuma kasuwarta a gida take, amma a ƙasa take kwance. Tarihin ɗakin Bahaushiya hawa-hawa ne: ƙwarya da akushi, sai tasa, sai langa da kwalla, sai tangaran da gilas a cikin kabad, yau kuma kuloli da saitin kicin. Duk abin da aka sauka daga kansa sai a raina shi na wani lokaci, langa tana cikin wannan lokacin yanzu. Dillaliya za ta taya ta da arha, 'yan gwangwan kuma a sikeli za su ɗora ta, kilo suke saye, ba ruwansu da fure. Ga mai sayarwa wannan asara ce, ga mai saye kuwa dama ce. Kuma kowace kwalla da ta hau sikeli ta tafi ke nan, narka ta za a yi. Tangaran ɗin Ingila akwai dubbansa a kabad-kabad na duniya, jeren langar matan Jega na shekarun 1960 kuwa in ya ƙare a nan ya ƙare ko'ina. Dubi yadda akushi da tsohuwar tasa suka koma abin nema bayan an gama wulaƙanta su. Ba zan yi miki alkawarin langa za ta yi tsada ba, amma raguwa take yi kullum, ɗayan kuwa kowace kwantena ƙaro shi take.

Wani ɗan ratse, tunda muna maganar yumɓu mai daraja. In Allah ya haɗa ki da kwano ko buta mai nauyi, mai launin ƙasa ko toka ko kore mai duhu, da ɗan hatimi da aka danna "Abuja" da rubutun ajami, kada ki bari ya wuce. Daga cibiyar koyar da ginin tukwane yake, wadda Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950 a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu. In kuma akwai haruffan LK kusa da shi, hannun Ladi Kwali ne, wadda hotonta ke bayan naira ashirin, ta shiga cibiyar a 1954, ta rasu a 1984. Aikinta na tashi da dubban fam a gidajen gwanjo na Landan. Tsofaffin ma'aikatan gwamnatin Arewa sun saye su a lokacin, don haka ba abin mamaki ba ne a tsinci ɗaya a sito ana zuba masa ƙusoshi. Wannan ya fi kwalin mai gwanjo duka.

Ci a ciki ko kallo kawai?

Ba na wasa da wannan. Tsofaffin masana'antu sun riƙa sa dalma a ruwan gilas don ya yi sheƙi ya narke da wuri, launukan ja da ruwan lemo da rawaya kuma sukan ƙunshi wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyam. Sai a 1971 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fara sa iyaka kan dalmar da kwano zai iya saki. Abu mai tsami ne ke jawo ta: kunun tsamiya, zoɓo, lemun tsami, nono, miyar tumatir, musamman da zafi ko in ya kwana a ciki. Mu a wannan yanki ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A 2010 maƙwabtanmu na Zamfara sun binne yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ta hanyar niƙan dutsen zinariya ta shiga, ba ta kwano ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro ba ta da wani ƙaramin kaso da za a ce ba komai.

Saboda haka tsohon tangaran mai launi, balle mai faso, ni ado na ɗauke shi. In za a sa wani abu, a sa alawa mai leda ko makulli. Langa ma ba ta kuɓuta ba, jan fure da rawayan da ke jikinta daga irin waɗannan sinadarai ake samunsu. Sai dai galibi furen a waje yake da kan murfi, cikin fari ne. Mai lafiyayyen farin ciki ina zuba mata cincin da dubulan ranar salla, ko tuwo in baƙi sun yi yawa. Wadda cikinta ya ɓantare ko aka yi wa zane a ciki, ba na ba yaro abinci a ciki. Ta wannan fuskar langa ta ɗan fi, don tana iya yin aiki, ba zaman kabad kaɗai ba.

Wajen ajiya kuwa kowanne da abokin gabarsa. Tangaran ba ya son a tashe shi daga zafi zuwa sanyi, kuma zafin watan Afrilu a nan yana haura digiri 40, in kabad na jikin bangon da rana ke duka sai ki wanke da ruwan randa, kin jawo faso. Yana son kabad mai gilas da makulli, nesa da yara, kuma kowane tashi daga gidan haya sai ya ci ɗaya ko biyu. Langa damina ce matsalarta. A wanke ta a shanya ta bushe ƙarau, a shafa ɗan man gyaɗa inda ya ɓantare, a sa tsumma ko takarda tsakanin kowace biyu in za a cusa su cikin juna, shi ke nan. Matar da ke gidan yawa ko mai ƙananan yara, langa ce za ta kai mata shekara ashirin.

To, wa ya kamata ya ɗauki wanne? In abin da kike so shi ne ki ƙawata kabad da abin da zai sa baƙuwa ta tsaya ta tambaya, kina da wurin kullewa, kina kuma jin daɗin bin diddigin hatimi, tangaran zai faranta miki. Amma ki saya ɗaya-ɗaya, lafiyayye, mai murfinsa, mai sunan masana'anta, a farashin gwanjo, kada ki biya kuɗin "tsohon kaya" don mai shi ya nuna miki hoto a waya. In sana'a kike nufi, ki fara samun masu saye a Abuja ko Kano kafin ki tara, ki kuma karkata ga siffar ganye da 'ya'yan itace. In kuwa langar da ke gabanki ta gidanku ce, saiti cikakke, kuma akwai mai rai da zai faɗa miki labarinta, to ba na ganin akwai abin tsayawa shawara. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a sayar da langar gado don a sayi tangaran ɗin gwanjo, an ba da abin da babu irinsa an karɓi abin da mota za ta sake kawowa watan gobe.

Ga masu rabon gado kuma, roƙona a daina kiran mai sikeli ya yi wa kayan ɗaki kuɗi. A jera su saiti-saiti, a kife kowane tangaran a karanta gindinsa, a kira dillalai biyu ko uku kowace ta faɗi nata ba a gaban 'yar'uwarta ba, sannan a fara tallata wa dangi. Haƙƙin marayu ne ke ciki.

Ƙanwata ta saurare ni har na gama, ta ce, "Yaya, kabejin nan fa ya shiga raina."

Na ce mata ta koma ta ƙwanƙwasa shi, in ya yi ƙara mai kyau kuma akwai kwaɗo a gindi ta taya shi shi kaɗai, ta bar kazar da gidan. Sauran kuɗin ta riƙe. Ranar Juma'a, ranar kasuwar Jega, muka shiga mota tare, da littafi da biro a jakarta, don na ce kafin a ɗaure kwalla ko ɗaya sai babbar 'yar gwaggo ta zauna ta faɗa mana wadda aka kai ta ɗaki da ita, da wadda aka ƙaro, da wadda murfinta ya tafi gidan suna a Aliero bai dawo ba.